Sai Yara Sun Mutu Ake Buɗe Rumbu?

Yunwar fari ba ta zuwa da dare kamar ɓarawo. Tun kaka ake sanin shekarar wuya, domin manomi ya ƙirga dammansa, hukuma ma ta ƙirga. Abin da ke kashe mutane shi ne musu da jan ƙafa: gwamnati ta ɓoye yunwa don kada a ce ta gaza, masu ba da agaji su ƙulle jakarsu har sai sun ga hoton yaro da haƙarƙari a waje. Sunan wannan hali zalunci, kuma yana neman zama al'ada.

Ku tuna Nijar. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta cinye abin da ya rage. A watan Mayun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16, aka yi mata kunnen ƙashi. Sai da BBC ta nuna yaran Maraɗi a watan Yuli kuɗi suka fara kwarara. Ashe kukan uwa bai isa shaida ba sai an ɗauke shi a kyamara? Shugaba Tandja Mamadu kuwa cewa ya yi mutanensa ga su nan da ƙoshi. Aka nace sai dai a sayar da gero da rangwame, wai rabon kyauta zai ɓata kasuwa. Wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, da me zai saya? Ga hatsi jibge a kasuwa, mata na dafa anza da tafasa. A shekarar 2005 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kaɗai sun yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa.

An ɗauki darasi? Ina! A Somaliya an yi watanni ana gargaɗi kafin a ayyana yunwa a Yulin 2011. Mutum kusan 260,000 suka rasu, rabinsu yara ƙasa da shekara biyar.

Kuma ba a makabarta kaɗai ɓarnar ke tsayawa ba. Makiyayi ya ba da saniya a kuɗin da ba zai sayi buhun gero ba. Manomi ya ci irin shukarsa, ya ci bashin da zai biya ninki da kaka, har ya jinginar da gonar gado. Maza su tafi ci-rani su bar gari da mata da tsofaffi, damina ta faɗi babu mai riƙe fartanya. A cire yarinya daga makaranta a aurar, don a rage baki ɗaya a gida. Yaron da ya tsira ma ya tashi a tsumbure, jiki da ƙwaƙwalwa.

Masu mulki, ko don kujerarku ku ji tsoro. A Nijar, a Afrilun 1974, tsakiyar babban fari, ana zargin manya da karkatar da hatsin agaji, Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma da batun yunwar nan ya kafa hujja.