Sharhi a Kan Cinikin Kayan Da Tsakanin Wanda Ya Sani da Wanda Bai Sani Ba

Ya mai sayen tsohon littafi, dakata,
Ka gane abin da mai shi ba ta gane ba.
Ta ce da kai, "Ɗana, faɗa mini gaskiya,"
Awon da ka yi mata bai biya wannan ba.

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah Ya yi maka rahama, sababin waɗannan baitoci tambaya ce da wani almajirinmu mai fataucin kayan da ya kawo mana.

Asalin kayan sananne ne. Da Nasara suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira, aka kashe shi a Burmi cikin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da sauran jama'a, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, garin da ake kira Maiwurno har yau. Mahajjatan ƙasa suka yi ta biyowa, waɗansu suka tsaya aikin auduga a Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Kowa ya zo da abin da ya iya ɗauka: takobi, tasbaha, Alƙur'ani a gafaka, Risala da Ishiriniya rubutun hannu. Jikoki suka gada, da yawansu ba su iya karanta wannan hannu ba.

Shi kuwa ɗan fataucin ya iya. Yakan ɗaga warƙa ya haska ta da rana, in ya ga alamar wata uku a jikin takarda ya san irin wadda fatake suka riƙa kawowa daga Italiya ce. Yakan dubi fa'un mai ɗigo a ƙasa da ƙafun mai ɗigo ɗaya a sama, ya ce wannan hannun mutanen yamma ne. Wannan ilmi ne, ya sha wahala kafin ya same shi, kuma cin riba da shi halal ne. Ba ma musun cewa littattafai da yawa da gara za ta cinye, a hannun irinsu suka tsira.

To, da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023, ya ci Wad Madani a Disambar shekarar, hatsi ya yi tsada, mutane suka fito da abin da ke cikin adaka. Wata tsohuwa ta kawo masa littafin mijinta, da yardar magada, ta ce, "Ɗana, ni ban san kuɗin wannan ba, kai ka sani, ba ni abin da ya dace." Ya ba ta buhun dawa guda. Bayan haka aka taya masa littafin da abin da ya ninka wannan sau da yawa, zuciyarsa ta ƙi kwanciya.

Ya kafa hujja da cewa malaman mazhabarmu sun ce wanda ya sayar da dutse da sunan dutse, daga baya ya bayyana yaƙutu ne, ciniki ya tabbata. Haka ne, mas'alar tana cikin Muhtasar da sharhohinsa, kuma cinikin da aka kwari mutum a farashi ba a warware shi don wannan kaɗai. Amma a nan wurin suka ambaci wanda ya sallama kansa, ya bayyana jahilcinsa, ya amince wa abokin cinikinsa. Da yawa daga cikinsu suka ce wannan yana da ikon mayarwa. Mai dutsen bai tambayi kowa ba, ya yi taƙama da idonsa. Tsohuwar nan kuwa ta ari idonka ne, ka karɓi aron, sa'an nan ka duba wa kanka.

Idan ka ce, ai ta yarda, har ta yi godiya, sai mu ce: da me ta yarda? Ta yarda da abin da ta zaci shi ne ƙimarsa bisa maganarka. Yardar da aka gina a kan shirun wanda aka tambaya, alƙali yana iya rasa shaidar da zai rushe ta, amma kai da ka haska warƙar ka san abin da ka gani.

Littafin da aka rubuta hubusi a bangonsa kuwa ba na sayarwa ba ne sam, haka kayan da aka wawashe, kamar na gidan tarihi na Hartum da labarin sace su ya bazu a 2024. Wannan ba ya bukatar dogon bayani.

Na ce masa ya koma ya gaya mata abin da aka taya, ya bar mata zaɓi: ko ta karɓi littafinta ta biya shi kwatankwacin dawarsa, ko su sake ciniki a fili, ya cire ladan wahalarsa da na saninsa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, dawar an cinye, ba ta da ko mudu." Na ce, to, saura ta biyun.