Sai Abu Ya Yi Wuya Za Mu Ji Daɗinsa?

Ƴan uwana ɗalibai, bari in fara da abin kunya. Shekarar da na shiga lise a Maraɗi, kakata ta ƙulle mani daddawar batso a tsumma ta tura cikin jakata. Da na buɗe jakar a ɗakin da muke haya, wani abokin zama ya toshe hanci ya ce, "Kai, ɗan Cadakori, mushe ka kawo mana?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Da dare na fita na jefar da ƙullin bayan katanga.

Bayan shekara biyu, malaminmu na kimiyya yana bayanin yadda abinci ke yin tsami, sai ya kawo misalin wata giya ta ƙasar Beljiyam da ake kira lambic. Tun yanzu in faɗa: giya ce, addininmu ya hana, ban taɓa sha ba kuma ba zan sha ba. Labarinta ne ya tsaya mani a rai. Ana dafa ruwan sha'ir da alkama, a zuba a wani faffaɗan kasko a buɗe ya kwana a lokacin sanyi, ƙwayoyin da ke yawo cikin iska su faɗa ciki da kansu. Daga nan a ɗura cikin ganga ta katako, a bar ta shekara ɗaya, biyu, har uku. Idan ta fito, tsami gare ta, da wani wari da masu sonta da kansu suke kamanta shi da na garken dabbobi. Amma mutane suna tasowa daga Amurka da Japan don ita. Su zuba kaɗan, su shinshina, su kurɓa, su yi shiru.

Duk ajin muka ce, "Kai, Turawa da basira!" Har da wanda ya toshe hanci.

A nan tambayar ta kama ni. Aikin kakata ai dangin wannan ne. Takan dafa gurguzu ya daɗe a wuta har ya yi laushi, ta rufe shi a tukunya ya yi kwanaki, ta daka, ta sa ruwan toka, ta sake rufewa, sannan ta shanya. Ba ta da ma'aunin zafi, hancinta ne ke gaya mata ya nuna ko da saura. Ƙwayoyin da ido ba ya gani su ke yi mata aiki, kamar yadda suke yi wa mutanen can. To mi ya sa warinsu ya zama gwaninta, nata ya zama mushe?

Amsar farko da ta zo mani ita ce raina kai, na nesa ya fi na gida. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba, don su ma mutanen Beljiyam sun taɓa raina tasu. Bayan yaƙin duniya na biyu jama'a suka koma ga abin sha mai zaƙi, gidajen da ke yin wannan giya suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Gidan Cantillon da ke birnin Brussels, wanda aka kafa a 1900, sai da ya mai da kansa gidan tarihi a 1978 don ya tsira. Sai da abin ya kusa ɓacewa aka dawo ana rububinsa. Ashe cutar ta ɗan Adam ce duka: abin da ke gabanmu kullum, haɗiye shi muke yi, ba mu ɗanɗana shi.

Amma shin ƙarancin abu ne ke sa masa daɗi? Ni dai na ce a'a. Giyar 1978 da ba a so da wadda ake yi wa layi yau, hanyar yinsu ɗaya. Abin da ya canza shi ne mai sha: yanzu yana tsayawa, yana ba ta hankalinsa. Ƙaranci ba ya ƙara komai a tukunya, tilasta mana kawai yake yi mu kula. Kuma idan kulawa ce asirin, ai ba sai mun jira abu ya yi wuya ba.

Wata ƙawarmu ta ce mani, "Kai da ba ka taɓa riƙe taɓarya ba, da sauƙi ka yabi daddawa. Ka san icen da take ci? Ka san ciwon baya?" Ta yi gaskiya. Matar da ta sayi dunƙulen Maggi ta huta ba ta yi laifi ba, kuma ba na kira a mai da mata bauta don harshena ya ji daɗi. Sai dai maganarta ta ƙara nuna girman laifina. Abin da na jefar bayan katanga kwanakin tsohuwa ne, da icenta, da bayanta. Wanda ya ci aikin wani bai ko tsaya ya ji ɗanɗanonsa ba, ya yi rashin godiya, ko da ya ce "na gode" da baki.

Hutun da ya wuce na koma gida. Na tarar kaka ta rage yi, hannu ya fara rawa, kuma cikin jikokinta babu wanda ya iya. Ta yi miyar kuka da ɗan abin da ya rage. Na ɗebo da tuwon hatsi, na bar lomar ta daɗe a bakina: ɗan ɗaci a gaba, sai wani nauyi kamar na nama alhali babu nama, sai ƙanshin hayaƙi a ƙarshe. Shekara goma sha tara ina cin wannan miya, ranar na fara jin ta.

Ta kalle ni ta ce, "Maigidana, lafiya kake tauna miya kamar ƙashi?"

Na ce, "Kaka, gobe idan za ki ɗora gurguzu, ki tashe ni."

Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ɗan boko da tukunyar batso? To, sai ka fara da nemo ice."