Makiyayin Da Bai Gudu Ba

A wannan wata muna so mu duba labarin Karlo Borromeo, Babban Bishop na Ekklesiyar Katolika a birnin Milan, ƙasar Italiya.

An haife shi a garin Arona a shekara ta 1538, ɗan gidan sarauta ne. Kawunsa, Paparoma Pius na Huɗu, ya naɗa shi kadinal a 1560, yana ɗan shekara 21 kaɗai. Da wansa ya rasu a 1562, dangi suka matsa masa ya yi aure domin kada gidansu ya mutu. Ya ƙi, ya zaɓi aikin ekklesiya.

A zamanin nan shugabanni da yawa sukan ci kuɗin ekklesiyarsu, su kuwa suna zaune a wata ƙasa. Milan ta yi shekara wajen 80 ba babban bishop zaune a cikinta. Borromeo ya shiga birnin a 1565. Ya kafa makarantun horar da firistoci, ya sa a riƙa koya wa yara addini ran Lahadi. Amma gyara ba ta yi wa kowa daɗi ba. A 1569 wani ɗan ƙungiyar Humiliati ya harbe shi da bindiga yana cikin addu'a, Allah kuwa ya kiyaye ransa.

A 1576 annoba ta fāɗa wa Milan. Gwamna da manyan gari suka gudu, shi kuwa ya zauna. Ya ziyarci marasa lafiya, ya ciyar da dubban mayunwata har ya shiga bashi, ya sa aka yayyanka labulen gidansa aka yi wa matalauta tufafi.

Duk da haka ba za mu ɓoye laifinsa ba. Ya tsananta wa Furotesta a kwarurukan Siwizalan, a 1583 kuma, bayan ziyararsa a Mesolcina, aka ƙone mutane a kan zargin maita. Himma in ba jinƙai takan zub da jini. Ya rasu a 1584, yana da shekara 46.

Mu fa, pastoci da dattawa da masu bishara, ina muke sa'ad da ciwo ko yunwa ya shiga garinmu? Ubangiji Yesu ya koya mana a Yohanna sura 10 cewa ran da kyarkeci ya zo, ran nan ake gane ɗan ƙodago. Bari mu zauna tare da garkenmu cikin wahala, mu kuma tsare hannunmu daga zaluntar wanda bangaskiyarsa ta bambanta da tamu. Ubangiji ya taimake mu. Amin.