Tayar Motar Iyali da Iyakar Tawakkali

Magidanci kan tsaya gaban mai sayar da taya shi kaɗai, amma abin da zai zaɓa zai ɗauki matarsa da 'ya'yansa, wani lokacin har da tsohuwarsa, alhali babu wanda ya nemi shawararsu. Mota duk girmanta, abin da ke taɓa kwalta a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma a wannan ɗan wuri birki da sitiyari suke samun ikonsu. Shi ya sa nake ganin zaɓen taya al'amari ne na amana, kuma wanda ya ce "Allah ne mai tsarewa" don ya kauce wa dubawa ya sa tawakkali a inda ba muhallinsa ba.

A ƙasashen sanyi an ɗauki lamarin da muhimmanci har ya shiga doka. Robar tayar zafi takan fara taurare idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, shi ya sa lardin Kebek na Kanada ya wajabta tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Tayar da ake kira ta kowane yanayi, mai ɗauke da tambarin dutse mai kai uku da ƙanƙara a tsakiya, sulhu ce tsakanin biyun: ba ta kai tayar hunturu riƙo a kan ƙanƙara ba, ba ta kai ta zafi a busasshiyar kwalta ba, sai dai tana raba mai iyali da sauya taya sau biyu a shekara. Hikimarta ita ce an auna ta da yanayin wurin. To amma tsofaffin tayoyin Turai da ke cika kasuwanninmu da sunan Beljiyam, duk da an hana shigo da su Najeriya, a cikinsu har da na hunturu masu taushin roba, waɗanda ke saurin cinyewa a kwaltar Kano zuwa Maiduguri cikin zafin watan Afrilu.

Mai ja zai ce ajali ba ya jiran taya, kuma sabuwa ma tana fashewa. Gaskiya ne. Sai dai ba sakamako ake tambayar mutum a kai ba, abin da ya aikata da sanin da yake da shi ne. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kuma Halifa Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, Sahabbai ba su ɗauke shi mai raunin imani ba. Yau ɗaurin raƙumin a rubuce yake a gefen taya: lambobi huɗu na ƙarshe, kamar 2319, na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin ma ya ce kada taya ta wuce shekara 10, ko da zanenta na nan.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talauci, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba zai sayi sababbi huɗu a rana ɗaya ba, kuma shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Amma rashin kuɗi yana sauke masa sayen mai tsada ne kawai. Bai hana shi karanta lambar ba, ko ya sa mai faci ya auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, ko ya lura zanen ya kusa milimita 1.6, inda ruwan damina ke daina samun hanyar fita ta ƙarƙashi sai motar ta riƙa sulɓi. Idan ya san tayarsa ta tsufa, ya rage gudu, ya rage kaya, ya fasa tafiyar tsakar rana, sannan ya sa sababbi biyun da ya iya saye a ƙafafun baya, domin motar da bayanta ya kuɓuce ta fi wuyar tarewa.