Lissafin Kashe Kuɗi: Rowa Ce ko Riƙon Amana?

A shekarar 2007 wani matashi Ba'amurke, Aaron Patzer, ya fito da manhajar Mint. Mutum zai haɗa ta da asusun bankinsa da katinsa na bashi, ita kuma ta kwaso duk cinikin da ya yi, ta kasa shi gida-gida: cefane, man mota, haya, gidan abinci. A 2009 kamfanin Intuit ya saye ta a kan dala miliyan 170. An rufe ta a 2024, amma ire-irenta sun cika wayoyi.

Ba duba take yi ba. Kowane shago mai karɓar kati yana da lambar da ke nuna sana'arsa: 5411 ta kantin kayan abinci ce, 5812 ta gidan cin abinci. Da lambar nan, da sunan shago, da kwanan wata, ake fito wa mutum da bayanin inda albashinsa ya shige. A Najeriya katin bashi bai yaɗu ba, amma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 har mai shayi da mai kayan miya suna karɓar tiransifa. Kowane ciniki irin wannan yana barin sawu.

To, shin ya dace mumini ya bi diddigin kowane kwabo haka? Bahaushe yana ɗari-ɗari da mai yawan ƙirge. Nan da nan za a ce masa mai maƙo, wasu ma su ce lissafi yana kore albarka, tunda arziki na Allah ne.

Addini bai goyi bayan wannan zargi ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Zakka ba ta fita sai an san ko dukiya ta kai nisabi, ta shekara, sannan a cire kashi ɗaya cikin arba'in. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya nuna za a tambayi bawa inda ya samo dukiyarsa da inda ya kashe ta. Malamin Bagadaza Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a 857, ya sami laƙabinsa ne saboda yawan yi wa kansa hisabi. Wanda bai san inda kuɗinsa suke tafiya ba, da me zai gane ko ya faɗa almubazzaranci?

Kati kuwa yana ƙara sa mantuwa. A binciken da Drazen Prelec da Duncan Simester na jami'ar MIT suka wallafa a 2001, an yi gwanjon tikitin wasan ƙwallon kwando na Boston Celtics. Waɗanda aka ce su biya da kati sun taya kusan ninki biyu na tayin masu biya da tsaba. Mai ƙirga takardun kuɗi yana jin zafin rabuwa da su. Mai goga kati ba ya ji. Manhaja tana dawo da wannan zafin a ƙarshen wata. Magidanci ya buɗe waya, ya tarar abin da ya kashe a data da tsire ya fi wanda ya aika wa mahaifiyarsa. Wannan kunya mai amfani ce.

Sai dai na'ura ta san adadi, ba ta san niyya ba. Naira dubu goma da aka biya wa maƙwabci a kantin magani da wadda aka sayi maganin maye da ita, gida ɗaya za ta zuba su. Sadakar da aka dunƙula wa almajiri a ƙofar masallaci ba za ta fito ba sam. Haɗarin shi ne mutum ya ga kason kyauta da gudummawar biki ya kumbura, ya ɗauke shi asara, ya datse zumunci don lissafi ya yi kyau, ko ya riƙa yi wa 'yan uwa gori da alƙaluma.

Akwai kuma batun wanda ya ƙera manhajar. Kafin a rufe ta, Mint kyauta ce, amma tana samun kuɗi ta hanyar tallata wa masu amfani da ita sababbin katunan bashi a Amurka, ƙasar da ruwan da ake ɗorawa kan irin wannan bashi ya haura kashi 20 cikin 100 a 2023. Ga musulmi, wannan riba ce da aka haramta.

Saboda haka bin diddigin kashe kuɗi ba rowa ba ce, kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Mai karatu ya sauke bayanin asusunsa na watan jiya, ya ware haƙƙin iyali, da bashi, da zakka, da sadaka tun kafin ya fara neman abin ragewa. In za a rage, a fara da abin da rai kawai yake so, kuma a duba wa ake miƙa wa bayanan asusu kafin a danna amincewa.