Ku Yi Magana Tun Kumbon Yana Kan Takarda

Ku masu zana kumbo, da masu haɗa wayoyinsa, da masu ɗaure notocinsa! A cikinku akwai wanda aka gaji da shi a wajen taro, mai ɗaga hannu ya ce: "To, in wuta ta tashi fa, ta ina za su fita?" Da shi nake, kuma so nake ya ƙara ɗaga murya.

Ranar 27 ga Janairun 1967, a jihar Florida ta Amurka, 'yan sama jannati Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee suka shiga kumbon Apollo 1. Gwaji ne kawai, a ƙasa. An cika ɗakin kumbon da zallar iskar oksijin, ga kayan nailan ko'ina, ga ƙofa mai buɗewa ta ciki. Masu zanen suna da hujjarsu: a sararin samaniya, matsin iskar ɗaki yana ƙara rufe irin wannan ƙofa ruf. Amma da wuta ta tashi, matsin nan ne ya danne ta, ba ƙarfin ɗan Adam da zai janye ta. Dukansu uku suka rasu. Sai daga baya aka yi ƙofa mai buɗewa waje cikin 'yan daƙiƙoƙi, aka rage kayan da ke cin wuta. Tun ran gini ran zane! Gyaran da fensir zai yi tun farko, sai da ya ci rayuka.

Yanzu ku dubi kumbon Soyuz na Tarayyar Sobiyet. Tun shekarun 1960 aka ɗora masa ƙananan rokokin ceto a ƙololuwa, nauyin da ake ɗauka tafiya bayan tafiya kamar ba shi da amfani. A Satumban 1983, a filin harba roka na Baikonur, wuta ta kama rokar da ke ɗauke da kumbon tun ba ta tashi ba. Rokokin ceton nan suka fizge ɗakin kumbon sama, Vladimir Titov da Gennady Strekalov da ke cikinsa suka sauko da lema da ransu, rokar kuwa ta tarwatse. Injiniyoyin da suka tsaya kai da fata kan wannan nauyi, jama'a ba su ma san sunayensu ba.

Za a ce kuɗi sun yi yawa, za a ce lokaci ya ƙure. Dama haka ake cewa. Kada gwiwarku ta yi sanyi. Abin da ya tsaya muku a rai, ku rubuta shi, ku sa hannu, ku miƙa wa manya tun ba a yanka ƙarfe ba. In an ture, gobe ku sake kawowa.