KAFIN KA TURA WAƘAR NAN: NASIHA GA SABABBIN MAWAƘA DA MASU TALLATA SU



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan sallar La'asar, kasuwar Jibiya ta fara watsewa, sai wani matashi ya tare ni a ƙofar masallaci. Na san shi tun yana ɗan Islamiyya. Da can sana'arsa ɗaukar kaya a babur tsakanin Magama da Ɗan Isa. Ya ce: "Malam, tun da aka rufe boda har yau ban miƙe ba. Allah ya ba ni murya, na je Katsina na yi waƙoƙi uku a situdiyo. Wani mai shafi ya ce in ba shi kuɗi zai tallata ni, ya ƙara mini mabiya dubu goma. Abokaina na Maraɗi ma sun ce za su yaɗa. Mene ne hukunci?"

Ban kore shi ba, ban kuma yi masa tsawa ba, domin kukansa gaskiya ne. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, tamu ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sai a Maris ɗin 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Gonakin da ke nesa da gari kuwa, kowa ya san abin da ya hana a je su. Yaron da ya zo yana tambayar halal da haram, alhali zai iya ɗaukar jarkar fetur ya kai daji a biya shi, wallahi ya cancanci a zauna da shi. Amsar da na ba shi ce nake faɗaɗawa a nan, don na san irinsa suna da yawa a cikin masu karanta wannan shafi.

YADDA WAƘA TAKE TAFIYA YANZU

A zamanin su Mamman Shata, mawaƙi sai da ubangida, sai da sanƙira mai yi masa ɓaɓatu, sai gidan rediyo ya sa waƙarsa ko a buga ta a kaset. Ƙofofi ne da yawa, kowace da mai tsaronta. Sai zamanin memori da Bluetooth ya zo. Akwai wani mawaƙi Buzu ɗan Nijar, Mdou Moctar, wanda ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008. Ba kamfanin da ya tallata shi. Daga waya zuwa waya waƙar ta ratsa Sahara, har wani Ba'amurke ya tsince ta ya sa a wani faifai a 2011, daga nan ya shiga yawon Turai da Amurka. Ban kawo wannan don yabon kiɗansa ba. Na kawo shi ne don ka ga nisan da abu yake yi idan ya fita daga wayarka.

Yau kuwa abin ya wuce nan. TikTok, YouTube, Audiomack, Facebook, WhatsApp: yaro zai ɗora waƙa a Jibiya da hantsi, kafin Magariba ana jin ta a Maraɗi da Damagaram da Agadas. Waɗannan manhajoji kuma suna da tsari. Duk abin da aka kalla har ƙarshe, aka tura, aka yi sharhi a kansa, shi suke ƙara turawa gaban mutane. Ko zagi ka rubuta a ƙarƙashin waƙar, su a lissafinsu ka taimaka mata. To ka ga sanƙiran wannan zamani ba wani ba ne, ni ne da kai.

HUKUNCIN WAƘA DA KIƊA

Amanar ilimi ce in faɗi yadda maganar take. Mafi yawan malamai, har da abin da ya shahara a mazhabobi huɗu, suna kan haramcin kayan kiɗa, ban da ganga mai fuska ɗaya, wato duffi, a biki da Idi. Suna kafa hujja da hadisin Abu Malik al-Ash'ari a Sahihul Bukhari, wanda ya ambaci kayan kiɗa cikin abubuwan da wasu mutane za su halasta, da kuma tafsirin Ibn Mas'ud (RA) a kan aya ta 6 ta Suratu Luƙman. Ibn Hazm da wasu kaɗan sun saɓa, suna ganin hadisan ba su inganta ba. Ni dai ina tare da jumhur, kuma shi nake karantarwa.

Amma ku lura, 'yan uwa, akwai abin da babu saɓani a kansa. Waƙar batsa, da siffanta jikin mace, da zambo da cin mutuncin wani, da tunzura wata ƙabila kan wata, da wasa azzalumi: waɗannan haramun ne ko da babu ganga ko ɗaya. Ibn Hazm ɗin ma bai halasta su ba. Haka nan waƙa mai ma'ana mai kyau, ba tare da kiɗa ba, babu mai hana ta. Hassan bin Thabit (RA) ya rera baitoci a masallacin Annabi (SAW). Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun 'yan taru. Aliyu Namangi, makaho ne, amma Imfirajinsa ta shiga gidajen da malamai ba su shiga ba. Ashe murya ba laifi ba ce. Abin da aka ɗora mata shi ne abin tambaya.

GA MAI WAƘA

Ɗan uwana, abin da ka ɗora a intanet ba ka da ikon janye shi. Ka goge naka, wani ya riga ya sauke. Mu a nan mun ga lokacin da aka katse layukan waya a Satumban 2021, watanni babu sabis, amma waƙoƙin da ke cikin memori ba su daina yawo ba. Ka tambayi kanka: wannan baitin, zan so a kunna shi ina kwance a makara? Zan so 'yata ta haddace shi? Suratu Ƙaf, aya ta 18, ta sanar da mu cewa kowace kalma akwai mai rubuta ta.

GA MAI TALLATAWA

Kai da ke karɓar kuɗin yara da sunan za ka fito da su, abu biyu nake tsoratar da kai. Na farko, mabiyan bogi da kallon bogi. A fiƙihu akwai abin da ake kira najashu: mutum ya tsaya a kasuwa yana ƙara kuɗin tunkiya, ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya. Annabi (SAW) ya hana shi, kamar yadda Ibn Umar (RA) ya ruwaito a Bukhari da Muslim. Duk wanda ya san karar dabbobi ya san wannan dabara. To mene ne bambancinta da sayen mabiya dubu goma da babu su, don mai biki ko mai talla ya ɗauka yaron ya shahara? Algus ne. Kuma yaron ma ka cuce shi, don lambar da ba mutane a bayanta ba ta sayen komai.

Na biyu, haƙƙin mai abu. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a take karewa. Don haka ɗaukar waƙar wa'azi ko karatun wani, ka ɗora a tasharka kana cin kuɗinta ba da izininsa ba, cin dukiyar mutane ne da ɓarna. Masu tura waƙa a memori a bakin tasha, ku ma da ku nake.

GA MAI TURAWA

Nan ne mafi yawanmu muke. Kana jin daɗi a ce kai ka fara gano sabon mawaƙi, kai ka kawo shi zauren WhatsApp. A Sahihu Muslim, Abu Huraira (RA) ya ruwaito hadisin da ma'anarsa ita ce mai kira zuwa shiriya yana samun irin ladan duk wanda ya bi shi, mai kira zuwa ɓata kuma yana ɗaukar irin zunubinsu, ba tare da an rage wa kowa nasa ba. Aya ta 19 ta Suratun Nur kuma ta yi narko ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai. So kawai fa aka ambata, ina ga wanda ya yaɗa da yatsansa?

Mu mutanen boda mun san ba a wucewa da kaya sai 'yan kwastan sun ce a buɗe buhu. Wayarka ba ta da shingen kowa, kai ne kwastan ɗinta. Ka saurara har ƙarshe kafin ka tura. In batsa ce, kada ka tura, kada ka yi sharhi, ka wuce kawai, shirunka ya fi zaginka kashe ta. In kuwa ka ci karo da yaro mai baitoci masu tsafta, yana kira ga zaman lafiya, ko biyayya ga iyaye, ko zumuncin Katsina da Maraɗi, to ka tura shi, ka ƙarfafa shi. Ba daidai ba ne mu riƙa zagin masu batsa a mumbari, sannan mu bar masu tsafta su mutu da yunwa.

Shi wancan matashi na ce ya kawo mini waƙoƙin. Muka saurara tare. Biyu na ce ya binne su. Ta ukun, wadda ya yi wa mahaifiyarsa, na ce ya cire kiɗan ya sake ɗauka da muryarsa kawai, ni da kaina zan fara turawa. Na ce kuɗin mabiyan bogi ya sa su a gyaran babur ɗinsa. Ya yi shiru, ya ce: "Malam, biyun nan su ne za su fi karɓuwa." Na ce na sani, shi ya sa ake kiran abin jarrabawa. Har yanzu bai dawo ba. Ku taya ni yi masa addu'a.

Allah ya shiryi matasanmu, ya buɗa musu ƙofofin halal, ya dawo mana da zaman lafiya a Jibiya da kewaye, da Najeriya da Nijar baki ɗaya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.